Shekarar da 'yan "Ban San Komai Ba" suka cika majalisar Massachusetts

Dan_Fagge:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Kullum in ana maganar siyasar Amurka sai a ce jam'iyya biyu ce kawai, Democrat da Republican, sauran duk 'yan rakiya ne. Tambayata ga masana tarihi ita ce: an taɓa samun jihar da wata jam'iyya ta uku ta kwashe majalisar dokoki, ta yi cikakken zama da rinjayenta? Ba gwamna nake nufi ba, majalisa. In kuwa an taɓa, me suka tsinana wa mutane da dama ta zo hannunsu?

Bazamfare:
Wa alaikumus salam. Ba na jin an taɓa. Tsarinsu ba ya barin ƙaramar jam'iyya ta yi numfashi. Kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke, na biyu da na uku su koma gida hannu rabbana. Shi ya sa mai zaɓe yake tsoron zubar da ƙuri'arsa a banza.

Malam_Tarihi:
An taɓa, Bazamfare, ba ma sau ɗaya ba. Wanda ya fi fitowa fili shi ne na jihar Massachusetts. A zaɓen Nuwamban 1854 wata jam'iyya mai suna American Party ta cinye kujeru 40 na majalisar dattawan jihar duka, ta cinye majalisar wakilai mai kujeru kusan 380 in ban da uku kacal, ta cinye duk kujeru 11 na jihar a majalisar wakilai ta tarayya, ɗan takararta Henry Gardner kuma ya zama gwamna. A Janairun 1855 suka fara zama, ka iya cewa babu ɗan adawa a zauren.

Mutane sun fi saninsu da Know Nothing, wato "Ban San Komai Ba". Asalinsu ƙungiyar asiri ce da ta taso daga New York, kuma an umarci 'ya'yanta in an tambaye su labarin ƙungiyar su ce ba su san komai ba. Daga nan sunan ya bi su. Aƙidarsu a fili take: ƙin baƙi, musamman 'yan Katolika daga Ireland.

Yar_Zazzau:
Tsaya Malam. Jam'iyyar da ake ɓoyewa ta yaya take cin zaɓe haka? Ba gangami, ba fosta?

Malam_Tarihi:
Ai ɓoyewar ce ƙarfinsu, 'yar'uwa. Kowane gari da reshensa, ana shiga da rantsuwa. Sai wanda aka haifa a Amurka, ɗan Furotesta, wanda bai auri 'yar Katolika ba. A cikin ɗaki ake tsayar da ɗan takara, kowa ya rantse shi zai zaɓa. Manyan jam'iyyar Whig, waɗanda suka daɗe suna juya jihar, sun ji ƙishin-ƙishin amma ba su san zurfin abin ba sai da aka ƙirga ƙuri'a.

Abubuwa ne suka haɗu musu lokaci guda. Yunwar da ta afka wa Ireland daga 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin da suke rayuwa a kai, ta koro dubban matalauta zuwa Boston, leburorin gari suka fara kukan ana karya musu farashin ƙwadago. Masu sana'ar hannu kuma sun gaji da attajirai masu masaƙu da ke riƙe da Whig. A 1853 an kai sabon kundin tsarin mulkin jiha gaban jama'a ya faɗi, masu son gyara suka ɗora laifin a kan ƙuri'un 'yan Ireland. Sai ga 1854 ta zo da dokar Kansas-Nebraska da ta buɗe ƙofar kai bauta sababbin yankuna, kuma a shekarar aka kama wani bawa da ya tsere, Anthony Burns, a Boston, sojoji suka rako shi ta tsakiyar gari zuwa jirgin ruwa aka mayar da shi Virginia, mutane na tsaye suna kallo cikin takaici. Mai ƙin baƙi, mai ƙin bauta, mai ƙin giya, mai ƙin attajirai, duk suka shige inuwa ɗaya.

Lauya_Kabiru:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja a nan. Anya za a kira su jam'iyya ta uku? A 1854 Whig tana gargara, Republican kuma a shekarar aka haife ta. Kujerar ta biyu ce babu kowa a kai, suka haye. Wannan ba daidai yake da a ce yau wata jam'iyya ta kayar da Democrat da Republican suna da ƙarfinsu ba. Don haka maganar Bazamfare ba ta faɗi ba tukuna.

Malam_Tarihi:
Lauya, ranar da aka kaɗa ƙuri'ar Whig ce ke riƙe da kujerar gwamna, Emory Washburn, kuma shi suka kayar. Democrat ma ta tsayar da nata ɗan takarar. Mu ne yau muka san Whig mutuwa za ta yi, su a lokacin ba su sani ba. Ƙaramar jam'iyya ai ba ta samun shiga sai babba ta tsage, ko a ina ne.

Bazamfare:
To na ji. Amma rabin tambayar Dan_Fagge na nan: me suka yi?

Maman_Hanif:
Bari in sa baki a nan tunda harkar makaranta ce, ni malamar firamare ce. Wannan majalisar ce ta yi dokar da ta hana ware yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ko addini, gwamna ya sa hannu a Afrilun 1855. Ku lura da shekarar. Sai a 1954 kotun ƙolin Amurka ta hana wariyar makaranta a ƙasar baki ɗaya, kusan shekara ɗari bayan nan.

Kafin dokar, wani baƙar fata mai sana'ar ɗab'i, Benjamin Roberts, ya kai birnin Boston ƙara saboda 'yarsa Sarah, 'yar shekara biyar, tana wuce makarantun fararen fata biyar a ƙafa kafin ta isa wadda aka ware wa baƙaƙe. Charles Sumner da Robert Morris ne lauyoyinsa. Kotun ƙolin jihar, ƙarƙashin alƙalin alƙalai Lemuel Shaw, ta ce birni na da ikon warewa. Da kotu ta rufe ƙofa sai iyaye, da jagorancin William Cooper Nell, suka koma tara sa hannu suna kai koke majalisa. Majalisun baya ba su yi komai ba, wannan ta yi. Ita ce kuma ta sa rigakafin agana ya zama dole ga yaran makaranta, jiha ta farko da ta yi haka a Amurka.

Dan_Boston:
Gaskiya ne Maman Hanif. Makarantar da aka ware wa baƙaƙen, Abiel Smith, tana nan har yau a titin Joy, unguwar Beacon Hill, an mayar da ita gidan tarihi. Ƙaramin gini ne na jan bulo, in ba an nuna maka ba sai ka wuce. Daga ƙofarsa zuwa ginin majalisar jihar tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Na kai yarana, babbar ta tambaye ni su wane ne mutanen kirkin da suka yi dokar, na tsaya ina lalubar amsar da zan ba ta.

Malam_Tarihi:
Akwai ƙari a kan na Maman Hanif. Sun soke ɗaure mutum a kurkuku don ya kasa biyan bashi, sai in da zamba a ciki. Sun ba matar aure ikon mallakar dukiyarta da kuɗin guminta ba tare da sun zama na miji ba. Sun yi dokar kare bayin da suka tsere, wadda ta hana jami'an jiha taya kama su. Gardner ya hau kujerar na-ƙi, suka tsallake shi da kashi biyu bisa uku, gwamnan jam'iyyarsu fa. Sun kuma nemi a sauke alƙali Edward Loring, wanda ya yanke hukuncin mayar da Burns, nan ma gwamna ya ƙi. Sai a 1858 aka sauke alƙalin.

Kawu_Ilu:
Kun yi ta yabo, ku bari a faɗi ɗaya ɓangaren kafin yara su ɗauka waliyyai ne.

Gwamnan nan yana hawa ya rusa rundunonin sa-kai na 'yan Ireland. An hana kotunan jiha ba baƙi takardar zama ɗan ƙasa. An shiga gidajen gajiyayyu an kwashi matalauta 'yan Ireland an loda a jirgin ruwa an mayar da su Liverpool. Majalisar ta kuma fara shirin gyaran kundin tsarin mulki don kada baƙo ya yi zaɓe sai ya shekara 21 a ƙasar, kuma a hana 'yan Katolika riƙe muƙami.

Abin kunyar da ya fi duka shi ne kwamitin binciken gidajen sistoci, wato matan Katolika da ke keɓe kansu don ibada. An daɗe ana yaɗa ji-ta-ji-ta cewa ana kulle 'yan mata a gidajen nan, har a 1834 gungun mutane suka ƙone wani a Charlestown. To sai majalisa ta kafa kwamiti ya je ya gani. A Maris 1855 suka dira wata ƙaramar makarantar 'yan mata a Roxbury. Kwamitin bai kai mutum goma ba, amma da abokai da 'yan rakiya sai ga maza kusan ashirin cikin kekunan doki biyu. Suka shiga ɗaki-ɗaki, suna buɗe kabad, suna leƙa ɗakin ajiya na ƙasa, suka kutsa ɗakin ibada, har inda wata yarinya ke kwance ba lafiya sai da suka shiga. Ba su ga komai ba. Daga nan suka zarce otal suka ci suka sha giya mai tsada da kuɗin jiha, a jihar da doka ta hana sayar da giya. Da suka je Lowell kuma, wani ɗan kwamitin mai suna Joseph Hiss ya kama wa wata mata ɗaki a otal, aka rubuta kuɗin a lissafin gwamnati. Jaridu suka tona, majalisa ta rasa yadda za ta yi, ta kore shi daga kujerarsa.

Yar_Zazzau:
Innalillahi. Wato an je neman fasadi a gidan mutane, ashe da shi aka taho a keken doki.

Bazamfare:
Kawu, ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. Hannun da ya buɗe wa ɗan baƙar fata ƙofar makaranta shi ne ya tura ɗan Ireland cikin jirgi?

Lauya_Kabiru:
Babu ɗaurin kai, Bazamfare. A idonsu abu ɗaya ne. Baƙaƙen Boston 'yan ƙalilan ne, an haife su a ƙasar, Furotesta ne, don haka 'yan gida ne. Ɗan Ireland kuwa suna ganin mai biyayya ne ga Fafaroma, yana zaɓen Democrat, jam'iyyar da ke tare da masu bayi na Kudu. Kuma Maman Hanif, dokar da kika ambata ta ce kada a hana yaro shiga saboda addini, haka ne. Amma majalisar nan dai ita ta wajabta karanta Baibul kullum a aji, kuma fassarar Furotesta ake karantawa. Sun buɗe ƙofa, sun ajiye sharaɗi a ciki. A 1859 a makarantar Eliot da ke Boston wani yaro ɗan Katolika mai shekara goma, Thomas Whall, ya ƙi karanta dokoki goma na Baibul yadda Furotesta ke karanta su, malami ya yi ta tsula masa bulala a tafin hannu har ya fashe. Ɗaruruwan yara suka bar makarantar, daga nan Katolika suka ƙara ƙaimi wajen gina nasu makarantun.

Maman_Hanif:
Ban musa ba, Lauya. Amma yarinyar da ta daina wuce makarantu biyar da safe ba ruwanta da niyyar wanda ya ɗaga hannu a majalisa. Dokar ta yi mata amfani, kuma ta zauna bayan su sun watse.

Tsohon_PRP:
'Ya'yana, ku bar ni in kawo ta gida, don mu ma mun ga irinta da idonmu. A 1979 jam'iyyu biyar ne, PRP ta Malam Aminu Kano tana cikin ƙanana, amma ta ci gwamna a Kano da Kaduna. Bambancin jihohin biyu shi ne ainihin abin da Dan_Fagge ke tambaya. A Kano PRP ce da gwamna, ita ce da majalisa. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, aiki ya tafi. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗaure dattijo a rana don kuɗin haraji ya san abin da sokewar nan take nufi. A Kaduna kuwa Balarabe Musa ya ci gwamna, NPN ta ci majalisa. Ya aika sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake aikawa suka ƙi, ya yi mulki babu kwamishina, a Yunin 1981 suka tsige shi. Gwamna babu majalisa, sunansa kawai gwamna.

Dan_Fagge:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma a Kanon ma ai ba a wanye lafiya ba.

Tsohon_PRP:
Ina fa. Kafin a je ko'ina mun rabu, Santsi da Taɓo. A 1983 Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Ba NPN ce ta karya mu a Kano ba, mu muka karya kanmu.

Dan_Boston:
Labarin Kaduna ya tuna min da Jesse Ventura, tsohon ɗan kokawa da ya ci gwamnan Minnesota a 1998 a jam'iyyar Reform. Majalisar wakilai na hannun Republican, ta dattawa na hannun Democrat. Ba su tsige shi ba, amma sun sha tsallake shi in ya ƙi sa hannu. Wa'adi ɗaya ya yi bai sake nema ba.

Saurayin_Gwale:
Me ya kai ku nesa? A 2023 NNPP ta ci gwamna da rinjayen majalisa a Kano. A Mayun 2024 majalisar ta soke dokar masarautu ta 2019. Ga misalin jam'iyya ta uku nan a gida.

Shugaban_Zaure:
Saurayin Gwale, misalinka ya shiga, an karɓa. Amma don Allah kada kowa ya buɗe maganar masarauta a nan, kun san yadda ta ƙare mana wancan karon. A koma kan tambaya.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a Nijar ba mu da majalisun jihohi masu yin doka irin naku, don haka ina biye da ku ne a hankali. Tambayata: ikon majalisar jiha a can ya tsaya a jihar ne, ko ya taɓa siyasar ƙasa?

Malam_Tarihi:
Ya taɓa ƙwarai, mutumin Maraɗi. A wancan zamanin majalisar jiha ce ke zaɓen sanatan tarayya, sai a 1913 aka mayar da abin hannun jama'a. Majalisar 1855 ta tura Henry Wilson, wanda ya yi sana'ar ɗinkin takalma a garin Natick. Shi ƙin bauta ne ya dame shi, jam'iyyar tsani ce kawai a wurinsa. A Yunin shekarar, a babban taron jam'iyya a Philadelphia, wakilan Kudu suka sa aka amince da matsayin kare bauta, Wilson ya ja 'yan Arewa suka fice. Ya koma Republican, a 1873 ya zama mataimakin shugaban ƙasa a gwamnatin Ulysses Grant.

Kawu_Ilu:
Tunda an buɗe wasu jihohin, kada a manta Kansas. Can jam'iyyar manoma ce, People's Party, mutanen da bashin jinginar gona da tsadar dakon jirgin ƙasa suka isa. A zaɓen 1892 suka ci gwamna, Lorenzo Lewelling, suka ci majalisar dattawa, amma aka yi taƙaddama kan ta wakilai. A Janairun 1893 kowane ɓangare ya zaɓi kakakinsa, George Douglass na Republican da John Dunsmore na manoma, majalisa biyu a zaure ɗaya. A Fabrairu manoma suka kulle zauren, 'yan Republican suka zo da babbar guduma suka farfasa ƙofa suka shige suka tare a ciki. Aka kashe musu na'urar ɗumama ɗaki ana tsananin sanyi, abinci sai a kwando ake jawo musu ta taga. Gwamna ya kira dakarun jiha, kwamandansu ya ƙi bin umarnin fitar da su. Ƙarshe kotun ƙolin jihar ta ba Republican gaskiya. Sai a 1897 manoman, da haɗin gwiwar Democrat, suka riƙe majalisun biyu da gwamna, nan ma suka kasa daidaitawa kan dokar farashin jirgin ƙasa, abin da aka zaɓe su dominsa.

Yar_Zazzau:
Kawu, ashe fasa ƙofar majalisa ba a kanmu aka fara ba.

Dan_Fagge:
Na gode jama'a. Amma har yanzu ina kan Massachusetts. Mutanen da suka cinye komai haka, me ya kayar da su?

Lauya_Kabiru:
Rashin sanin aiki yana ciki. Mafi yawansu ba su taɓa zama a majalisa ba, lauyoyi kaɗan ne a cikinsu. Sun zartar da ɗaruruwan dokoki a zama ɗaya, sun ƙara wa kansu alawus, kashe kuɗi ya hau, haraji ya hau. Ga abin kunyar Hiss a bakin kowa. Kuma babu ɗan adawar da zai ce musu a tsaya a duba.

Malam_Tarihi:
Ni ban ɗora wa rashin gogewa da yawa ba, Lauya, don sababbin hannun nan su suka yi abin da gogaggu suka shekara suna kaucewa. Maganar bauta ce ta raba su. Wa'adin gwamna shekara ɗaya ne a lokacin, Gardner ya sake ci a 1855 da 1856, amma rinjayen majalisa yana ta zaizayewa. A zaɓen shugaban ƙasa na 1856 ɗan takararsu Millard Fillmore ya samu sama da kashi 21 cikin ɗari na ƙuri'u, jiha ɗaya tak ya ci, Maryland. A 1857 Nathaniel Banks na Republican ya kayar da Gardner, shi ma Banks ɗin tsohon ɗan Know Nothing ne.

Bazamfare:
To kun ga maganata ta farko ke nan. Sun shigo da ƙarfi, shekara uku tsarin ya haɗiye su, aka koma biyu.

Tsohon_PRP:
Haɗiyewa ko sauya riga? Mutanen ai su ne dai.

Dan_Maradi:
To maganar shekara 21 da Kawu ya kawo fa, ta zama doka?

Malam_Tarihi:
Ba ta zama ba. Gyaran kundin tsarin mulkin jihar sai majalisa biyu a jere sun amince, sannan a kai wa jama'a, wannan kuwa bai tsallake ba. Amma 'yan'uwansa sun tsallake. A 1857 aka sa sharaɗin iya karatu da rubuta suna kafin mutum ya yi zaɓe. A 1859, lokacin Republican ce ke mulki, aka amince baƙon da ya samu takardar zama ɗan ƙasa sai ya ƙara jiran shekara biyu kafin ya kaɗa ƙuri'a. Jamusawan Republican a jihohin yamma suka fusata, ɗaya daga cikin jagororinsu Carl Schurz ya zo Boston ya yi jawabi a kai, Abraham Lincoln ma ya rubuta cewa bai goyi baya ba. An soke na shekara biyun a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, 'yan Ireland na cikin rundunonin jihar a fagen daga. Na karatun kuwa ya zauna sama da shekara ɗari, sai a 1970 dokar tarayya ta dakatar da irinsa a ƙasar baki ɗaya.

Lauya_Kabiru:
Maman Hanif, kin ji. Ba dokar makaranta kaɗai ce ta zauna bayan sun watse ba.

Maman_Hanif:
Na ji, Lauya. Amma na 1859 ɗin a lissafin wa za ka sa shi, tunda Republican ce ke riƙe da majalisa?